Kai ɗalibai gidan tarihi daga Zariya: ina za a je, me za su yi idan an isa?

Malamar Tudun Wada ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da tarihi a wata ƙaramar sakandare da ke Tudun Wada. Ɗalibaina 'yan aji biyu ne, su 84, maza da mata, shekarunsu tsakanin 12 da 14. Shugaban makaranta ya amince a fita da su ziyarar gani da ido a zangon karatu mai zuwa, kuma ni aka ɗora wa shirin. Wasu malamai sun ce a ɗauki mota a tafi gidan tarihi na Kaduna, wasu sun ce a tsaya a nan Zariya. Abin da ke damuna shi ne kada a kashe kuɗin iyaye, yara su je su zagaya, su ɗauki hoto, su dawo ba abin da ya zauna musu a kai. Ina roƙon wanda ya san aikin ya warware mini: wa ake rubuta wa, yara nawa ake shiga da su a lokaci guda, me za su riƙa yi a ciki? Sannan me zan ce wa iyayen da suka fara cewa wurin gumaka za a kai musu 'ya'ya? Allah ya saka da alheri.

Malam Ɗan Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Idan Kaduna kuka zaɓa, wurare biyu ne suka dace da darasinki. Akwai Gidan Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a ginin da ya kasance hedikwatar NPC, jam'iyyar Sardauna Ahmadu Bello, yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Akwai kuma Arewa House a titin Rabah, gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, inda aka kashe shi ran 15 ga Janairu 1966, yanzu cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. Na farkon na kayan daɗaɗɗen zamani ne da sana'o'in hannu, na biyun na tarihin siyasar Arewa ne da takardu da hotuna. Ki duba manhajarki ki ga wanne ya yi daidai da abin da kike koyarwa a wannan zangon, ki zaɓi ɗaya. Haɗa biyun a yini guda da yara 84, ga tafiyar kusan kilomita 80 zuwa da irinta dawowa, gajiya kawai za a kwaso.

Wasiƙa ki rubuta ta ga shugaban gidan, a kan takardar makaranta mai hatimi, makonni uku kafin ranar. Ki sa yawan yara, shekarunsu, darasin da ake ciki, harshen da kike so a yi musu bayani da shi, da ranaku biyu domin su zaɓi wadda ba ta ci karo da wata makaranta ba. Ki nemi a haɗa ki da jami'in sashen ilimi, shi ne mai hulɗa da makarantu, kuma a rubuto miki kuɗin shiga na ɗalibi da ka'idar ɗaukar hoto. Bayan haka, ke da kanki ki je ki ga wurin kafin ranar. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowanne amfani. A nan za ki ga faɗin ɗakunan, inda banɗaki yake, inda za a zauna a ci abinci, ki kuma zaɓi kayan da za a tsaya a kansu.

Kaya biyar sun isa. Na san za a ce an biya kuɗi, a bar yara su ga komai. Yaron da aka bi da shi ta gaban akwatunan gilashi arba'in cikin awa ɗaya, kan ya kai na goma idonsa ya daina gani. Ki raba su rukuni shida, kowanne mutum 14 da babba ɗaya. Fiye da haka, na baya ba sa ganin abin da ke cikin akwati, sai su koma hira. Rukuni uku su shiga, uku su tsaya waje wurin masu sana'a ko su yi zane, bayan minti 45 a sauya. Kowane rukuni ya fara daga abu daban, a yi minti takwas zuwa goma a kan kowanne.

Ga yadda ake tsayawa a kan abu ɗaya. A ɗauki kan mutum-mutumin Nok, na yumɓun da aka gasa. Kada a bari su fara da karanta rubutun da ke jikin akwati. A ce su yi shiru na minti ɗaya suna kallo, sannan kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani wanda wani bai riga ya faɗa ba. Wani zai ce idanun masu kusurwa uku ne, wata ta lura da kitson da ke kai, wani ya ga an huda ƙwayar ido da hanci da baki. Sai a tambaye su: me ya sa maginin ya huda? A bar su su yi ta hasashe. Daga baya a gaya musu cewa cikin kan rami ne, kamar tukunya aka gina shi, kuma hudojin suna barin iska mai zafi da tururi su fita lokacin gashi don kada ya fashe. Yarinyar da ta taɓa ganin ana gasa tukwane za ta riga kowa ganewa. Sai a ƙarshe a kawo labarin: an fara tono irin waɗannan a 1928 wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙaramar hukumar Jaba ta wannan jihar tamu, kuma shekarunsu sun haura dubu biyu. Idan aka fara da shekaru da sunaye, yara sukan rubuta su rufe littafi, kallon ya ƙare ke nan.

Takardar aikin da za ki ba su kada ta wuce shafi ɗaya. Ki guji tambaya irin "a wace shekara aka samo kaza", domin za su riƙa gudu daga akwati zuwa akwati suna kwafe rubutu. Ki sa wadda sai an kalli abin ake iya amsawa: zana shi, da me aka yi shi, ta ina ka gane, wane abu a gidanku yake yin aikinsa yau. Fensir za su riƙe, ban da biro, saboda tawada ba ta fita idan ta taɓa kaya ko bango. Ki yanka musu kwali su ɗora takarda a kai, in ba haka ba a kan gilashin akwati za su dafa. Dokar hana taɓawa kuma ki faɗa musu dalilinta tun a aji: gumin hannu yana da gishiri da maiƙo, yana sa ƙarfe tsatsa, yana barin tabo a fata da tufa. Hasken rana shi ma yana koɗar da launin tsohuwar tufa da takarda.

Baba Na Ƙofar Doka ya amsa:

Malam Ɗan Samaru ya yi bayani mai kyau, amma ni a ganina Malama, fitar farko a cikin Zariya ya kamata a yi ta. Yaran nan kullum suna wucewa ta Ƙofar Doka a cikin keke Napep, da wuya a sami biyar a cikinsu da suka taɓa tsayawa suka dubi ganuwa. A fara da abin da ke bakin ƙofarsu, Kaduna ta zo a zango na gaba.

Kafin a fita, a ba su aikin gida: kowa ya tambayo wani dattijo sunayen ƙofofin birni. Za su dawo da Ƙofar Doka, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Kibo, Tukur-Tukur, Jatau, Galadima, wasu jerin ya cika, wasu ya gaza, tsarin ma ya bambanta. Wannan bambancin shi kansa darasi ne a kan yadda labarin baka yake tafiya. Haka batun Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku. Tsohon littafin Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, cikin ƙarni na 15, wasu masana kuma suna kai ta ƙarni na 16. A faɗa wa yara haka yadda yake, a nuna musu cewa mai tarihi yana auna majiya da majiya.

A wurin ganuwa, ki zaɓi inda saura ya rage a tsaye kuma akwai filin da yara za su tsaya nesa da titi. Ki tafi da igiya mai tsawon mita 10, an ƙulla ta a kowace mita. Su auna faɗin gindin, su ƙiyasta tsayi ta hanyar tsayar da yaron da aka san tsayinsa a gefe, su zana inda ruwa ya zaizaye. Sannan a tambaye su me ke cin ganuwar. Da idonsu za su ga amsa: ruwan sama, masu ɗibar ƙasa don gini, gidajen da suka hau kanta, bola. Kada a bar ko ɗaya ya hau, ƙasar tana zubewa, akwai kuma ramuka.

Abin da ya fi armashi shi ne a sami magini na gargajiya ya yi musu awa ɗaya. Ya zo da tubali su riƙe su ji nauyinsa, su ga siffarsa mai faɗin gindi da tsinin kai, da yadda ake jera shi ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ya nuna azara, ya gaya musu daga giginya ake tsaga ta kuma gara ba ta cika cin ta ba. Ya nuna makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa a yi yaɓe da ita don ruwa ya zame, da indararo, da zanko a kan soro. Daga nan sai a kawo sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, da bakunan ginin da suka ɗauki rufin ba ƙarfe ba siminti. Wani sashe na masallacin ya rufta a watan Agusta 2023, aka yi rashin rayuka, Allah ya ji ƙansu. Saboda haka tsofaffin hotunan cikinsa suna da muhimmanci, ki buga manya guda uku ko huɗu ki tafi da su. An kuma gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A Wusasa akwai cocin Saint Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929 bisa salon ginin Hausa, ga Dutsen Kufena a kusa da shi.

Idan fada kuke so, a rubuta wa sakataren majalisar masarauta, a nemi ranar da ba Juma'a ba. A koya wa yara gaisuwa da cire takalmi tun a makaranta, a kuma sanar da su gidajen sarauta huɗu, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, domin su fahimci abin da za a gaya musu. A Samaru kuma sashen nazarin kayan tarihin ƙarƙashin ƙasa na jami'a yana da ɗakin adana kaya, a rubuta wa shugaban sashen, a kauce wa lokacin jarrabawa.

Gargaɗi ɗaya game da Kufena: yara za su ga tsingaro a ƙasa, su fara cika aljihu. A hana su tun kafin a sauka daga mota. Tsingaron da aka ɗauke daga inda yake kwance ya rasa rabin labarinsa, domin wurin da aka same shi da abin da ke kusa da shi su ne suke gaya wa mai bincike zamaninsa. Su zana shi a inda yake, su ajiye fensir a gefensa don a ga girmansa, a ɗauki hoto, a bar shi.

Hajiya Shugabar Makaranta ta amsa:

'Yar'uwa, bari in ɗauki ɓangaren iyaye da hanya. Maganar gumaka kada ki yi mata gardama a tsaye a bakin get. Ki kira taron iyaye, ki zo da hotunan kaya biyar ɗin da kika zaɓa, ki nuna musu takardar aikin. Idan uba ya ga cewa ɗansa zai je ya koyi yadda aka gasa yumɓu, aka narka tama, aka rubuta littafi da hannu, hankalinsa yakan kwanta. Ki gayyaci malamin addini na makarantar da iyaye biyu, mace da namiji, su bi ku. Wanda duk da haka bai yarda ba, a mutunta ra'ayinsa, a ba ɗansa aikin da zai yi a makaranta mai maki daidai da na waɗanda suka tafi.

Takardar amincewa ta ƙunshi wurin da za a je, lokacin tashi da na dawowa, lambar wayar uba ko uwa, da ciwon da yaro yake da shi, musamman asma, sikila da farfaɗiya. Mai sikila ya sha ruwa sosai, kada ya daɗe a rana, kada a sa shi hawan dutse. Ki sanar da ofishin ilimi da ke kula da makarantarku a rubuce, kuma idan za a bar gari a bincika halin hanya a daren da za a tafi da kuma safiyar. A tashi da ƙarfe 7, a kamo hanyar gida bayan azahar, kada magariba ta same ku a titi.

Yara 84 da manya takwas, kujera 92 ke nan. Ki ƙirga kujerun motocin da idonki, kada ki karɓi "za su shiga" daga bakin direba. Kowane babba mai kula da rukuni ya riƙe sunayen yaransa 14, ya kira suna a duk shiga da duk fita, domin ƙirga kai yana ruɗi idan yara suna motsi. Ruwa lita ɗaya da rabi ga kowane yaro, abinci busasshe wanda ba zai lalace a zafi ba, akwatin magani, leda saboda masu amai, da audugar mata a jakar malama. Watannin Nuwamba zuwa Fabrairu sun fi daɗin fita. Maris da Afrilu zafi ya yi yawa, Agusta kuma ruwa zai iya tsare ku a gindin ganuwa.

Kuɗi kuma a haɗa shi gaba ɗaya, a ƙara kaɗan a kan kowa yadda zai ɗauki nauyin yara biyar ko shida da iyayensu ba su da hali, ba tare da an bayyana sunayensu ba.

Malamar Tudun Wada ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na karkata ga shawarar Baba, mu fara da cikin gari. To bayan an dawo fa? Kuma sauran azuzuwan da ba za su sami fita ba, akwai hanyar da za a kawo musu abin har makaranta?

Malam Ɗan Samaru ya sake amsawa:

Akwai, Malama. Washegarin dawowa, tun abin yana sabo a kansu, kowane rukuni ya tsaya gaban aji ya yi bayanin abu ɗaya cikin minti biyar, da zanensu a hannu. Idan aka bari mako ya wuce, abin da za su tuna shi ne mota da abinci. Su rubuta wasiƙar godiya ga wanda ya zagaya da su, a sa tambayoyi biyu da suka rage musu a ciki.

Game da sauran azuzuwa, a wasiƙarki ga gidan tarihi ki tambaya ko jami'in ilimi zai iya zuwa makaranta da hotuna ko kwafin kayan da aka yarda a taɓa. Ranar 18 ga Mayu ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, lokacin sukan shirya abubuwa domin ɗalibai, sai ki nema da wuri. Amma abin da ya fi ɗorewa shi ne ku kafa kusurwar tarihi a makarantarku. Teburi biyu da kabad mai makulli sun isa. Yara su aro kaya daga gida da izinin iyaye: akushi, mazari, tandu, gafaka, fitilar aci-bal-bal, awartaki, wuri, anini mai huda, sule da sisi na kafin naira ta zo a 1973. Ki fara da kaya 20, kada su wuce haka a karon farko.

Rajista ita ce ran aikin. Littafi mai bango mai ƙarfi, kowane abu da lambarsa, misali 1, 2, 3 bayan shekarar da aka karɓa. A rubuta sunan abin, da me aka yi shi, tsawonsa da faɗinsa, wa ya kawo, aro ne ko kyauta, ranar da za a mayar, da abin da mai shi ya faɗa a kansa da kalmominsa. A rubuta lambar da fensir a ƙaramar takarda, a ɗaura da zare. Kada a rubuta a jikin abin, kada a manna masa salatif, domin gam ɗin yana narkewa a zafi ya bar tabon da ba ya fita. Inda ake samun matsala shi ne idan takardar ta rabu da kayan: akushi uku sun zo daga gida uku, ba wanda ya san na wa ne, amana ta lalace, iyaye ba za su sake bayarwa ba.

Kada a wanke komai da sabulu, kada a goge tsohon kuɗi da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli. Burushi mai laushi ya isa a kaɗe ƙura. Kabad ya ɗago daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, ya kuma ɗan janye daga bango saboda gara da danshin damina. Duk Litinin yara biyu su duba ƙarƙashin kayan itace da ƙwarya: idan aka ga gari mai laushi ya zubo, ƙwaro yana ciki, a ware abin a leda daban nan take kafin ya harbi saura. Fata kuma tana yin fumfuna idan aka kulle ta a leda da damina, a bar ta inda iska take ratsawa. Idan wani ya kawo tsohon rubutun hannu na Larabci ko ajami, a ɗauki hotonsa shafi-shafi bisa tsarin da aka same shi, a mayar wa mai shi a ranar, kada a kai shi a manne da roba mai zafi, wannan yana kashe takarda.

Abin da aka tono daga ƙasa, kamar kan yumɓu ko tsohuwar tukunya cikakkiya, ba na kabad ɗin makaranta ba ne. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta kuma haɗa da kayan fasahar gargajiya da aka yi kafin 1918. A rubuta inda aka same shi, a sanar da gidan tarihi na Kaduna ko sashen jami'a da Baba ya ambata.

Bayanin da za a ajiye gaban kowane abu, yaran su rubuta shi da kansu, da Hausa da Turanci, kada ya wuce kalma 30. Ranar buɗewa 'yan aji biyu su ne masu zagayawa da baƙi, kowane yaro ya tsaya kusa da abin da ya kawo, a gayyaci kakar da ta ba da mazarin ta zauna da auduga da alli ta nuna musu yadda ake kaɗi.